Taku Ashirin da Huɗu

A shagon ɗinkin Gwaggo akwai doka guda wadda ba a rubuta ta a bango ba, amma duk wadda ta taɓa zama a kan keke a wurin ta san ta: ba a faɗa wa mace awonta da ƙarfi. Ki zagaya mata tef a ƙugu, ki duba lamba, ki rubuta, ki ja bakinki. Idan ta dawo bayan shekara ta ƙaru da inci uku tana rantsuwa awonta na nan yadda yake, ki ce mata to, ki buɗa ɗinkin ta ciki. Riga ta zauna, mai riga ta tafi da farin cikinta.

"Abin da tef ya gani, baki bai gani ba," in ji Gwaggo.

A wannan shago Allura ta tashi. Tana da shekara shida mahaifiyarta ta rasu, ƙanwar babanta ta ɗauke ta, ta girma tsakanin ƙyallaye da ƙarar keke. Siririya ce, doguwa, ba ta da yawan magana, shi ya sa tun tana ƙarama sunan Allura ya bi ta har ya danne na yanka. Kafin ta gama firamare ta iya saka zif. Abu ɗaya ne take yi wanda ba na shago ba, shi ne gudu. In aka aike ta sayen zare, kafin Gwaggo ta gama juya hannun riga ta dawo.

A sakandare malamin wasanni ya haɗa ta da wata yarinya mai faɗin kafaɗa da dariya kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Kwana biyu ba a yi ba aka daina ganin ɗaya ba tare da ɗayar ba, sai 'yan aji suka ce ai ga zaren allurar ya samu, suka sa mata suna Zare. Zare ita ce mai bakin su biyun. Ita ke faɗa in an taɓa Allura, ita ke cin rabin abincinta, ita ke ɓoye littattafan soyayya a cikin littafin lissafi tana ba ta labari a hanyar gida, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba.

Da suka gama makaranta suka shiga ƙungiyar gudu ta gari, wadda ke atisaye a wani tsohon filin wasa bayan tashar mota. Ƙarfe huɗu na yi Allura za ta rufe kekenta da ƙyalle, ta rataya takalmanta masu ƙusoshi a wuya, ta kama hanya. Gudun miƙa sanda suke yi: mutum huɗu, kowacce mita ɗari, sanda ɗaya. Zare ce ta uku, ita ke zagayo kwana. Allura ce ta huɗu, ita ke kai sandar gida.

Mai kallo daga benci gani yake miƙa sanda ba wani abu ba ne. Amma mai karɓa ba tsayawa take ta jira ba. Tun 'yar'uwarta na nesa take tashi da gudu, ba ta waiwaye, sai ta ji an ce "Hannu," ta miƙa hannu baya, sanda ta faɗo a tafinta. Dole kuma a yi hakan kafin a wuce wani farin layi, in an wuce an fita daga gasa. Domin ta san lokacin tashi, mai karɓa takan auna taku daga inda take tsaye zuwa baya, dunduniya na taɓa yatsa, ta manna 'yar filasta a ƙasa. Da ƙafar mai zuwa ta taka filastar, sai ta tashi. In mai zuwa na da sauri, filasta ta yi nisa. In ba ta da shi, a matso da ita kusa.

Tsakanin Allura da Zare taku ashirin da huɗu ne. Shekara bakwai bai canja ba. Har ya zama gaisuwarsu: in sun gama gudu suna haki, Zare ta ce, "Nawa?" Allura ta ce, "Ashirin da huɗu," su tafa.

Sai Zare ta auri wani direban babbar mota, ta haifi 'yarta, ta yi wata goma sha huɗu ba ta taka filin ba. A gurbinta Koci, mai horar da su, ya sa wata yarinya da ake ce wa Auta, 'yar shekara sha tara, mai gudu kamar an biyo ta. Da ita Allura taku ashirin da biyar take aunawa.

Ranar da Zare ta dawo, Koci ya tara su a gindin tsanin bencin masu kallo ya cire hularsa yana fifita.

"Ku biyar ne, gurbi huɗu ne," ya ce. "Nan da sati shida zan yi gwaji in aika sunaye don babbar gasa. Na ɗaya da na biyu da na huɗu ba su da magana. Na uku, tsakanin Zare da Auta. Ni ba ni da 'yar gida, agogo ne ɗan'uwana."

A wannan yammacin aka gwada. Allura ta auna ashirin da huɗu, Zare ta taka filasta, Allura ta tashi. Ta yi gudu, ta yi gudu, ba ta ji kira ba. Farin layi na matsowa. A karo na farko cikin shekara bakwai ta rage gudu ta waiwaya, sai ta ga ƙawarta a baya da nisan taku uku, baki buɗe, sanda a miƙe. Abin da ta gani a fuskarta bai bar ta ta ci abincin kirki ba ranar.

Washegari ta yi abin da hannunta ya saba. Ta auna ashirin da ɗaya, ta manna filasta, ta ja bakinta. Zare na can nesa a farkon kwana, Koci na can bakin layin ƙarshe da agogonsa, ba mai ƙirga mata taku. Sanda ta faɗo a hannunta sumul, kamar jiya aka bari.

"Nawa?" Zare ta tambaya tana haki.

"Ashirin da huɗu."

"Kin gani ko? Jiya tsatsa ce kawai. Jikin nan bai manta ba."

Sati uku aka yi a haka. Lokacin da agogo ke nunawa bai yi wa Koci daɗi ba, amma da yake miƙa sandar na tafiya lafiya, sai ya ɗora laifin a kan mai tashin farko, wata rana a kan iska. Ita kuwa Zare hankalinta ya kwanta. Akwai atisayen safe da Koci ya ce duk mai so ta zo, ta zo sau biyu ta daina. Yarinya na haƙori, miji na kan hanya, ga shi kuma a ganinta jiki ya dawo.

Mutum ɗaya ne ya lura. A filin akwai wani ma'aikaci da kowa ke kira Mai Fenti, shi ke tura amalanken da ke zana fararen layuka, shi ke buɗe ƙofa, shi ke bin fili da yamma yana ɓanɓare filastocin da 'yan gudu suka bari. Shi ma ba gwanin magana ba ne. Shekara biyu ke nan yana kawo riguna shagon Gwaggo a saka masa maɓalli, ya zauna a benci yana kallon bango har a gama. Gwaggo ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mutumin da maɓallansa ke zuba kamar ganyen bishiya ba, kuma zaren duk a yanke yake da reza. Zare kuwa cewa take, "A littattafaina saurayi da mota yake zuwa da furanni. Ke naki da bokiti ya zo. Ku biyun nan in kuka yi aure, wa zai yi wa baƙo sannu da zuwa?"

Wata Laraba bayan an watse, Allura na kwance igiyar takalmi, sai ta ga inuwarsa a gabanta.

"Malama, zo ki ga wani abu."

Ya kai ta layinta, ya nuna mata ƙasa da tsinin takalminsa. Akwai wani baƙin tabo mai kusurwa huɗu, danƙon filastar shekara bakwai da ya ƙi fita. Taku uku gaba da shi ga wani sabon tabo, bai gama yin duhu ba.

"Wannan na san shi," ya ce. "Na goge shi da kananzir har na gaji. Wannan kuma baƙo ne."

Allura ta kau da kai daga tabon.

"Ba zan faɗa wa kowa ba, ba aikina ba ne. Amma ta sani?"

"In ta sani zuciyarta za ta karye. Ba ka ga fuskarta ranar farko ba."

"Na gani, ina bakin layin." Ya ɗan sosa ƙeya. "Ni abin da na sani a aikina, in na ji tausayin mai gudu na rage masa layi da taku uku, zai ji daɗi a nan. Ranar da ya je filin da ba ni na zana ba fa? Saura sati uku, Malama. Ranar gwaji Koci da kansa zai tsaya a kanki yana ƙirgawa."

"Kai dai ba a tambaye ka ba," ta ce.

"Haka ne," ya ce, ya ɗauki bokitinsa.

Kwana biyu tana juya maganar, har ta ɗinka hannun riga a baibai. Ranar Asabar da hantsi Zare ta shigo shago da 'yarta a kafaɗa, ta ajiye ta a kan tarin yadi, ta jefa wa Allura wandon gudunta.

"Aminiya, wandon nan ya shiga ruwa ya tsuke. Duba mini shi."

Allura ta tashi ta zagaya mata tef. Ta duba lambar. Wannan karon ba ta ja bakinta ba.

"Wandon bai tsuke ba. Talatin da huɗu ne ƙugunki yanzu. Da talatin ne."

Keken Gwaggo ya tsaya cak. Zare ta fara dariya, ta ga ba a taya ta ba, ta bari.

"Kuma filastar ba ta kan ashirin da huɗu," Allura ta ci gaba, idonta a kan tef. "Tana kan ashirin da ɗaya. Da Auta ashirin da biyar nake aunawa."

Zare ta juyo ta dube ta.

"Tun yaushe?"

"Tun kwana na biyu."

"Sati uku." Ta gyaɗa kai a hankali. "Sati uku kina buɗa mini ɗinki ta ciki, ina tafiya ina murna kamar matan da muke yi wa dariya a shagon nan. Na bar atisayen safe saboda maganarki. Kullum sai na tambaye ki, ki dubi idona ki ce ashirin da huɗu."

"Ban so ranki ya ɓaci ba."

"To ga shi ya yi fari tas."

Ta ɗauki 'yarta ta fita, ta bar wandon a ƙasa. Gwaggo ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi.

"'Yar nan, dokar shago ta masu kawo ɗinki ce. Su riga suka zo nema. Wannan kuwa abokiyar kukanki ce, ba a ɓoye mata mutuwa." Ta mayar da tabarau. "Ɗauki wandon ki buɗa shi. Za ta dawo ta nema."

Allura ba ta iya ban haƙuri da baki ba, ba ta kuma gwada ba. Washegari ƙarfe shida na safe tana ƙofar fili. Mai Fenti ya buɗe mata. Ta auna ashirin da ɗaya, ta manna filasta, ta ajiye sanda da wandon a farkon kwana, ta tsaya a gurbinta har bakwai da rabi. Ba wanda ya zo. Ta koma shago. Ta aika wa Zare saƙo a waya, kalma huɗu: "Ina fili ƙarfe shida." Ba amsa. Litinin ta sake zuwa, Talata ma haka, kullum da saƙon nan guda. Da yamma a atisaye Zare na miƙa mata sanda ba ta kallonta, ba ta kuma tambayar nawa.

Ranar Laraba da safe wata babbar mota ta tsaya a bakin ƙofa. Direban, mijin Zare, na zaune da yarinyar a cinya tana wasa da sitiyari. Zare ta sauko, ta wuce Allura, ta ɗauki wandon ta duba ɗinkin.

"Ɓanɓare filastar nan," ta ce. "Sake aunawa, ki ƙirga da ƙarfi ina ji."

Allura ta ƙirga, ɗaya, biyu, har ashirin da ɗaya.

"To daga nan za mu fara. Ban huce ba, kar ki ga na zo. Kai kuma angon bokiti, ka iya riƙe agogo?"

"Na iya."

"Riƙe. In ka rage mini ko ƙiftawar ido, sai na juye maka fentin nan a ka."

Haka suka shiga. Kowace safiya sau shida Zare ke zagayo kwana, tsakani ta hau tsanin benci ta sauko har ƙafafunta su riƙa kakkarwa. Wata rana ta yi amai a gefen fili, ta kurkure baki ta koma. Allura kuwa ta daina rage gudu. In Zare ba ta kamo ta ba, sai ta wuce layi hannu wayam, ta dawo ta faɗi gaskiya: "Saura taku biyu." Sanda ta faɗi ƙasa ba adadi. Da kanta Zare ta je ta gaya wa Koci inda filasta take. Ya dubi Allura ta saman tabarau ya ce, "Ashe iskar da nake zagi tana da ƙafafu." Bai ƙara ba.

A ƙarshen satin farko filasta ta koma ashirin da biyu. Ana saura kwana uku gwaji ta kai ashirin da uku, amma cikin gudu shida sau biyu kawai sandar ta iso kafin layi.

"Mu tsaya a ashirin da biyu," in ji Allura. "Shi ne tabbas."

"Da ashirin da biyu Auta ta cinye ni. Sa uku." Zare ta zauna a ƙasa tana murza ƙwauri. "Kuma ki ji ni da kyau. Ranar nan in yarinyar nan ta kawo miki sanda, ki karɓa kamar ni na kawo. Ba ta yi mana laifin komai ba. In kika yi mini alfarma zan gane, kuma daga ranar ba ni ba ke."

Ranar gwaji Koci ya ce gudu biyu za a yi, ɗaya da Auta, a huta, ɗaya da Zare. Sandar da ta riga isa gida, mai ita ce ta uku. Ya tsaya a kan Allura ta ƙirga ashirin da biyar, ya sa Mai Fenti a bakin farin layi ya zama alƙali, shi ya tafi ƙarshe da agogo.

Auta ta fito daga kwana kamar an harbo ta. Allura na duƙe tana leƙen filasta ta ƙarƙashin hammata, sai tunanin ya zo mata: in ta yi jinkirin tashi da ƙiftawar ido ɗaya, yarinyar za ta ci karo da ita, lokaci ya lalace, ba kuma wanda zai iya cewa da gangan ne. Ƙafar Auta ta taka filasta. Allura ta tashi a kan lokaci, ta karɓa, ta zuba gudu iya ƙarfinta. Koci ya duba agogo ya ɗaga gira, ya rubuta a tafin hannunsa.

Bayan rabin awa ta ƙirga ashirin da uku da ƙarfi, har Zare da ke can nesa ta ɗaga hannu alamar ta ji. Aka busa usur. Ta farko ta ba ta biyu, ta biyu ta ba Zare. Allura ta ga ƙafar da ta sani tun suna 'yan sha uku ta sauka a kan filasta, ta juya ta tashi.

Ba kira. Tana jin ƙusoshin takalmi a bayanta, tana jin numfashi, amma ba kira. Farin layi ya taso mata. Duk jikinta na ce mata ta sassauta, ta waiwaya, taku ɗaya kawai. Ta cije leɓe ta ƙara wuta.

"Hannu!"

Ta jefa hannu baya, sanda ta daki tafinta, layi ya wuce ƙarƙashin ƙafarta. Ba ta san sauran mita ɗin yadda ta yi su ba.

Koci bai nuna agogo ba tukuna. Ya ɗaga murya ya tambayi Mai Fenti, "A ciki ko a waje?"

Kowa ya juya. Mutumin da ya ƙi rage layi saboda tausayi ba zai ƙara shi saboda so ba, Allura ta san haka.

"A ciki," ya ce. "Da tsawon takalmi ɗaya."

Koci ya dubi agogo, ya dubi tafin hannunsa. "Auta ta fi ki gudu, Zare, wannan ba gardama. Amma ita sai da Allura ta karɓa da sauran fili a gabanta. Ke kin ba ta tana kan ganiyar gudunta. Sanda nake aunawa, taki ta riga da kaɗan. Ke ce ta uku. Auta, za ki yi mana mita ɗari ke kaɗai, kuma ki zauna da shiri." Ya nuna Allura da usur. "Ke kuma, in kika sake ɓoye mini taku ɗaya, ke zan ajiye."

Zare na kwance a ƙasa, hannu a kan fuska. Allura ta je ta tsaya a kanta. Can ta ji murya daga ƙarƙashin hannun.

"Nawa?"

"Ashirin da uku."

"Saura ɗaya. Gobe ƙarfe shida."

Ranar Asabar Mai Fenti ya zo shago, wannan karon ba da tsohuwar riga ba, da sabon yadi a leda. Zare na zaune a benci tana ba 'yarta ruwa, ta ce, "Gwaggo, reza ta ƙare a gari." Allura ta ɗauki tef ta auna kafaɗa, ta auna hannu, ta zagaya ciki. Ta ɗauki biro za ta rubuta, sai ta fasa.

"Talatin da takwas," ta ce. "Malam, tura amalanken nan bai ishe ka ba. Gobe in ka buɗe mana ƙofa, ka zagaya fili sau biyu."

Ya dubi Gwaggo, Gwaggo ta ci gaba da taka kekenta.

"To," ya ce. "Wa zai riƙe mini agogo?"